Shafin Bargon da Gara Ta Ci

Matata ce ta ɗumka bargon da hannunta, tun muna gidan haya a Konni, kafin mu samu namu. Ba irin na kanti ba ne. Ƙyallaye ta riƙa tarawa, ragowar zannuwanta da suka tsufa da abin da telan bakin layinmu yake sharewa zai zubar, ta yayyanka su daidai faɗin tafin hannu, ta haɗa wannan da wancan. A tsakiya ta sa wani tsohon bargon ulu da gashinsa ya ƙare, don ya yi nauyi. Ta baya kuma, wato shafin da ke taɓa jikin mutum, ta sa farin zanen saƙi da mahaifiyarta ta ba ta cikin kayan ɗaki. Tsohuwar ce ta kaɗe zarensa da kanta daga audugar gonarsu, ta kai wa masaƙi.

Ta fi shekara tana yi. In ta sauke kaskon ƙosai da hantsi ta gama aikin gida, bayan azahar sai ta shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi ta jawo kwandon ƙyallayen. Ba ta da keken ɗumki, ba ta kuma taɓa cewa in saya mata ba. Na sha tsokanarta, ina cewa wannan abu in ta gama ko mahaukacin tasha ba zai yafa ba. Ba ta ko ɗaga kai, sai ta ce, "Bari sanyi shi zo, mu ga wanda zai ja shi wajensa." Da sanyin ya zo, ni ne na fi ja.

Sana'ata gyaran injin ban ruwa ce. In masu lambu suka fara dashen albasa ba ni zama wuri ɗaya, yau ina nan Konni, gobe Tsarnawa, jibi kwarin Badaguishiri. A wani ƙauye na wannan kwari na same ta. Injin mahaifinta ya ƙi tashi, aka kira ni, ita ta kawo mana fura bakin rijiya. Ita ce ƴar fari a ɗakinsu.

Tun da aka ɗaura aurenmu ban taɓa kallon fuskar surukata sosai ba. In na je gaisuwa nakan cire takalmi tun daga bakin zana, in durƙusa ina kallon ƙasa, ita kuma ta amsa daga cikin ɗaki, ko ta juya baya kamar tana wani aiki. Ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ba ta kiran sunana, ba ta kuma kiran na ɗiyarta. Ni "Malam" ne, ita kuma "ta wajenku". Haka muka taso muka tarar ana yi, ba wanda ya ga laifin wani. Mun kwashe shekara ashirin da wani abu a haka.

Ciwon matata a ciki ya fara. Mun je likita, mun dawo, mun sake komawa, daga baya aka ce mu zo gida mu ci gaba da addu'a. Ta rame har tabarma na yi mata zafi a ƙashi, katifa kuma ta ce tana dafa mata baya. Sai ɗiyarmu, wadda ita kaɗai Allah ya bar mana, ta ninka bargon biyu ta shimfiɗa mata, farin shafin a sama. A kansa ta yi dukan jinyarta. Kusan kullum sai an wanke shi an shanya, har saƙin ya fara laushi kamar zai narke a hannu. Surukata ta zo dubiya a lokacin. Ta zauna a bakin ƙofa daga waje, ta yi "sannu" a hankali, ta taya ɗiyarmu daka da wanki na ƴan kwanaki, ta koma don lokacin yankan gero ne kuma ba kowa a gida. Ba ta daɗe da komawa ba matata ta cika, wata safiya, ina riƙe da kofin kunun da ba ta sha ba.

Bayan an watse daga zaman makoki ɗiyata ta wanke bargon, ta ninke shi da shafin a waje don kada launin ƙyallayen ya dushe, ta sa shi cikin akwatin katako na uwarta. Sanyin shekarar ba wanda ya yi maganarsa, kowa ya nemi abin rufarsa daban. Damina ta zo da ƙarfi, ruwa ya jiƙa gindin bangon ɗakin. Sai da sanyi ya sake zagayowa, wata ranar da hantsi ina tsakar gida ina wanke wani kabureta cikin tasa, na ji ɗiyata ta ce, "Baba." Yadda ta faɗe shi ya sa na ajiye abin da ke hannuna.

Gara ce ta shiga ta ƙasan akwatin. Ta bi duk inda aka ninka ta ci, ta bar jar ƙasa a manne kamar hanyoyi. Da muka warware shi a rana, fuskar ƙyallayen na nan kusan lafiya lau, amma farin shafin ya zama kamar rariya, ana hango baƙin ulun ta ciki. Ɗiyata ta tsaya tana kallo, sai ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Ni na kakkaɓe ƙasar da bayan hannu, don ina tsoron ko tsintsiya ta yi masa ƙarfi.

Na kai wa telan layinmu, wanda rabin ƙyallayen daga shagonsa suka fito. Mutumin kirki ne, ya yi zaman makoki tare da mu. Ya juya shi gaba da baya ya ce abu ne mai yiwuwa: a farke tsohon shafin gaba ɗaya a zubar, a sayo yadin akoko mai kauri, ya bi shi da keke, kafin la'asar an gama. Shawara ce mai kyau, na san haka. Na sayo akokon ma. Amma da na gaya wa ɗiyata sai ta ce, "A zubar? Baba, a kan shi ta kwanta." Sannan ta ce, "Ka kai ma Kaka. Ita ta kaɗe zaren, ita ta san shi."

Dama ina da aiki a kwarin. Na ɗaure bargon cikin buhu a bayan babur tare da akwatin sifana, na bi godoro, wato titin kwalta, zuwa Tsarnawa, na karya arewa. Sanyin safiya na shiga ta hannun riga. Na gama da injin da aka kira ni dominsa kafin rana ta yi tsaka, na wanke hannu da ƙasa da sabulu, na nufi gidan surukai. Mahaifin matata ya daɗe da rasuwa. Tsohuwar na zaune ita kaɗai a sashenta, ƙanwar matata da ke aure a ƙauyen tana leƙo ta safe da yamma.

Na cire takalmi na durƙusa kamar kullum. Muka gaisa, ta tambayi yarinya, ta tambayi sanyi. Sai na tura buhun gaba na ce, "Inna, saƙon jikarki ne. Gara ta shiga mana akwati."

Ta fito ta zauna a bakin tabarma, ta zaro shi. A nan na lura ba da ido take duba shi ba. Ta shimfiɗa shi ta kife, ta riƙa bin sa da tafin hannu a hankali, yatsunta na faɗawa cikin ramukan. Na saci kallonta. Ƙwayar idonta ta yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Ba wanda ya gaya mini abin ya kai haka.

"Mi telan ya ce?"

Na gaya mata. Na miƙa akokon, ta murza shi tsakanin yatsu, ta kai hanci.

"Wanga sai an wanke shi ya sha ruwa, in ba haka ba zai tsuke ya ja bargon. A aje shi, ya yi baki." Tana nufin a naɗe gefen bargon da shi. "Shafin kuwa akwai ɗan'uwansa."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da wani farin zanen saƙi, wanda ya ɗan yi duhu don tsufa. Tare aka saƙa su, in ji ta, zare ɗaya, masaƙi ɗaya. Ɗaya ta ba ɗiyarta, ɗaya ta riƙe tana rufa da shi. Na ce, "Inna, wannan ai shi ne abin rufarki, ga sanyi." Ta ce, "Malam, ina almakashi?" Ba ta sake bi ta kan maganar ba.

Niyyata in bar mata aikin in dawo ɗauka. Ƙanwar matata ta shigo da ɗanta a goye, ƙafafunta duk taɓon lambu, na ce mata ta riƙa taya tsohuwar. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ni ko maɓalli tela nike kai ma. Kuma dashe muke, ba ni ganin gida sai magariba." Ta ajiye mini fura a zaure ta koma.

Na sha furar, na yi azahar, na dawo yin sallama. Daga bakin zana na hango ta zaune a rana, ta ɗaga allura sama wajen haske, tana lasar bakin zare tana kai shi. Ya wuce. Ta sake lasa ta kai, ya sake wucewa. Na tsaya ina cewa yanzu zai shiga. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Can na ga ta sauke hannuwan a cinya ta zauna kawai, fuskarta wajen bango.

Na yi gyaran murya, na shiga, na durƙusa kusa da ita yadda ban taɓa yi ba, na miƙa hannu. Ta ɗan ja mayafinta, sannan ta sa mini allurar a tafi. Na zura zaren na mayar mata. Ta laluba bakin wani rami ta fara ɗumki, amma allurar na fita ta fuskar bargon, wani wuri kuma ba ta kama komai ba. Ta shafa ta ji da kanta. Ta zare zaren.

"Malam, ka iya riƙon allura?"

Na ce ban taɓa ba, sai dai basilla in buhu ya fashe.

"To zauna."

Haka muka fara. Duk lokacin da aiki ya kai ni kwarin, in na gama sai in biya. Wani lokaci ma ba aikin, in ce wa ɗiyata akwai injin da zan duba, ita kuma ta ƙulla mini goro da sukari in kai wa kakarta. Mukan zauna a tsakar gida inda rana ke sauka, bargon a kife tsakaninmu, ita a wancan gefe ni a wannan. Ita ke nemo inda ya ruɓe. Takan kama saƙin da manyan yatsunta biyu ta ja kaɗan, in ya buɗe ta ce a yanke, a ci gaba da yankewa har a kai inda ya riƙe. Sannan in yanko maho daga zanenta, ya fi ramin faɗi da yatsa biyu ta kowane gefe. Ita ke lanƙwasa bakinsa ciki ta danne da farce, ta goga zaren a jikin busasshen sabulu don kada ya harɗe, ni kuma in ɗumka. Allurar ta kama mahon, ta kama tsohon shafin, ta ɗan ciji ulun da ke tsakiya, amma kada ta leƙa ta fuska.

Hannuna ya saba da ƙarfe. Allurar ɓacewa take yi tsakanin yatsuna, ga kanta da ta hana ni jin inda bakinta yake sai ta shige ni. Mahon farko da na gama na ji daɗinsa ƙwarai. Ta bi shi da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ta ce, "Wanga ai ɗumkin buhun albasa ne. Kwance." Na kwance. Na ji wani ɗan sauti daga wajenta, na ɗaga kai, ashe dariya take yi, sai ta yi maza ta rufe baki da mayafi. Ranar na fara sanin tana da wushirya irin ta ɗiyarta.

Da farko ba mu magana sai ta aikin. Ja nan, saki can, zare ya ƙare. Fura kuma a zaure ake ajiye mini. Wata rana ƙanwar matata ta gaji ta dire ƙwaryar a gefena ta ce, "Ku da kuke zaune kan tabarma guda, wace kunya ta rage?" Tsohuwar ta juya mini baya. Ni ma na juya mata nawa, na sha. Muka juyo muka ci gaba.

Ramukan gara dogaye ne, suna bin ninki. Amma akwai wasu wurare da ba gara ce ta yi su ba, na kuma san su. Biyu ƙanana kusa da juna wajen ƙasa, inda saƙin ya sile ya yi sheƙi kafin ya huje, da wani mai faɗi a tsakiya. Na riƙa kauce musu, ina jawo wani gefen duk lokacin da hannunta ya nufi can. Wata ranar da la'asar ta riga ni. Yatsunta suka tsaya a kan ƙananan biyun, ta shafa, ta sake shafawa.

"Wanga ba cin gara ba ne."

Na ce, "A'a, Inna."

"Mi ne?"

"Diddigenta ne. In ciwon ya taso takan riƙa murza ƙafa."

Ta bar hannunta a wurin. Akuya na cin ɓawon wake a bayanmu, daga kwari ana jin ƙarar injuna. Ta matsar da hannun sama har ta kai mai faɗin na tsakiya, ba ta tambaye ni shi ba. Can ta ce, ba ta juyo wajena ba, "Ta sha wuya ƙwarai, daga baya?"

Na yi tunanin in sassauta mata. Amma hannunta na kan abin, ta riga ta ji. Na ce ta sha, amma kwanakin ƙarshe ciwon ya lafa, barci ya fi yawa. Na ce ba ta bar salla ba ko a kwance.

"Ta yi magana?"

"Tana yi jefi-jefi."

"Ta neme ni?"

Na ce ta nema. Na gaya mata gaskiya yadda aka yi. Bayan ta koma gida yankan gero, matata ta riƙa tambayar ko Inna ta isa lafiya. Ana gobe za ta rasu ta ce tana son kunun tsamiya irin na gidansu, mai ɗan yaji. Ɗiyarmu ta dama, ta kurɓa ta ce ya yi daɗi amma ba shi ba ne. Washegari na sake sa a dama, shi ne wanda ke hannuna.

Hawaye na bin kumatun tsohuwar, ba ta share ba, muryarta kuma ba ta canja ba da ta fara magana.

"Da anka yaye ta, kakarta ta ɗauke ta. Ɗakina da na kakar na kallon juna, amma ba ni ɗaukarta gaban mutane. Wata rana ta faɗi bakin murhu, hannunta ya taɓa garwashi. Ina nan tsaye da muciya, uwar mijina na zaune, ƙannensa na zaune. Sai da wata ta taso ta ɗauke ta. Ni na ci gaba da tuƙi." Ta ɗan tsaya. "Ka san tabon."

Na san shi, a gefen hannun hagu. Matata ta ce mini ba ta tuna yadda ta same shi ba.

"Da anka sa ranarku na fara kaɗin wanga zare. Damina guda da rani guda. Ba wanda zai ce don mi kike kaɗi."

Na ce Allah ya jiƙanta, ta ce amin. Sai ta jawo ragowar zanenta ta laluba inda ya fi kauri, wajen bakin saƙa, ta ce in yanko daga nan. Ta ce kada in yanke silallen wurin kamar sauran, in bar shi yadda yake in rufa mahon a kai. Na ɗumka, ita tana riƙe da gefen don kada ya motsa. Ranar ban ga bakin allura sosai ba, ɗumkin ya karkace. Ta shafa ta ji, ba ta ce in kwance ba.

Kafin mu kai ƙarshe zanenta ya ƙare, saura wani ɗan tsiri da bai rufe komai. Ramukan da suka rage a gefe muka cike da akoko, wanda ta sa aka wanke aka shanya tun tuni, da shi kuma muka naɗe baki. Na kawo mata bargon kanti daga kasuwar Konni, mai laushi, mai zanen furanni. Ta karɓa ta yi godiya, daga baya ƙanwar matata ta gaya mini tana cewa warin leda yake yi kuma santsinsa ya yi yawa, yana zamewa ya bar ta.

Mun gama lokacin da aka fara cire albasa, sanyi ya ja baya, ba mai bukatar bargo kuma. Ba zan ce ya yi kyau ba. Ta baya fari uku ne, na tsohon shafi, na zanenta, da na akoko, ga ɗumkina da ya fara da manyan taku ya ƙare da ƙanana. Amma in ka ɗaga shi ka girgiza ba abin da ke motsi. Na ce ta riƙe shi wajenta ko zuwa sanyi mai zuwa ne. Ta ninke shi da kanta, ta tura mini.

"Kai ma yarinya. Ka ce ta riƙa shanya shi, kada ta rufe shi cikin akwati. Abin rufa in ba a rufa da shi lalacewa yake."

Ɗiyata ta karɓe shi a bakin ƙofa, ta warware, ta juya bayansa ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Baba, kai ka yi wannan?" Na ce ni da kakarta. Da aka yi aurenta bayan sallar layya ta tafi da shi gidanta a Malbaza. Yana can.

Daminar da ta biyo baya tsohuwar ta fara rikicewa. Ta ɗora tukunya ta manta, ta fita neman akuyar da aka daɗe da sayarwa. Ɗanta da ke Illela ya zo ya ɗauke ta. Ban samu zuwa ba sai bayan girbi, na yi gyara a Badaguishiri na ce bari in ƙarasa. Matar ɗan nata ta tare ni a zaure ta ce kada in damu in ba ta gane ni ba, wani lokaci ko ɗanta sai ya faɗa mata ko shi wane ne.

Tana zaune a kan tabarma a inuwar rumfa, ta ƙara ƙanƙancewa, hannuwanta a cinya. Na yi sallama na durƙusa. Ta karkato kai wajen muryata.

"Malam ne? Na Konni?"

Na ce ni ne, Inna. Na ji daɗi har cikin raina. Ta tambayi hanya, ta tambayi aiki, ta ce an yi ruwa bana. Na ce jikarta na gaishe ta, tana da ciki. Ta ce madalla, madalla. Sannan ta sassauta murya kamar mai tsoron kada a ji ta, ta ce, "Ina ta wajenku? Ba ta zo ba?"

Na dubi matar ɗanta, ta girgiza mini kai a hankali. Daga baya ta gaya mini sun taɓa faɗa wa tsohuwar gaskiya, ta yi kuka kamar ranar aka yi rasuwar, washegari kuma ta sake tambaya.

Na ce, "Ba ta samu zuwa ba, Inna."

"Lahiya dai take?"

"Ba ta jin ciwon komai yanzu."

"To madalla. Aiki ya yi mata yawa, ga ƙosai ga gida. Ka ce ta riƙa hutawa." Ta laluba bakin zanenta ta kwance wani ƙulli, ta ciro ɓarin goro da ya bushe ya yi baƙi, ta miƙo wajen da take jin ina nan. "Ka kai mata."

Na karɓa da hannu biyu. Na ƙara zama kaɗan, ta fara gyangyaɗi, matar ɗanta ta gyara mata matashi. Na yi musu sallama na fito. Akwai wani mai lambu da ke jirana a hanyar Tsarnawa, injinsa na shan mai ba ya jan ruwa, na yi masa alkawarin zan biya kafin la'asar. Na sa goron a aljihun gaba, na tada babur.